Injin Ƙamshin Lurwanu

Duk lokacin da na ga ƙanena Lurwanu ya yi shiru yana murmushi shi kaɗai, gabana faɗuwa yake yi, don na san akwai abin da zai lalace a gidan wani. Ni ce babbarsa, sunana Uwani, ina sayar da atamfa da kwanuka a kasuwar Diffa. Ni na goye shi, saboda haka ba wanda zai gaya mini halinsa.

Mahaifinmu daga Damagaram ya zo, ya buɗe butik, wato kanti, a bakin kasuwa tun garin bai kai ya kawo ba. Burinsa Lurwanu ya gaje shi, amma yaron nan ko mudu bai iya riƙewa daidai ba. In an bar masa tsaron kanti, sai a dawo a tarar ya kwance rediyon sayarwa ya baje kayan cikinta a kan buhun sukari. Ga shi da wata ɗabi'a ta shinshina komai kafin ya taɓa, ko sabulu ne ko batir. Injin ban ruwa in ya lalace aka kawo masa, hancinsa yake fara kaiwa, sai ya ce waya ce ta ƙone ko kuwa an haɗa fetur da kananzir, kuma sau da yawa hakan ne. Mutane suna yaba masa. Ni kuwa nakan ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi.

Da gyaran injin ya ci abinci bayan rasuwar mahaifinmu. A shekarun nan kowa a bakin kogin Komadugu tattasai yake nomawa, kuma kowace gona da injinta. Da Lurwanu ya tsaya a nan da ya yi arziki, to amma ba ya tsayawa. Ya taɓa yi wa wani manomi hula da ƴar fanka a ciki, ta cinye wa mutumin gashi. Ya yi wa masu shinkafa abin korar tsuntsu da zaren kaset da gwangwanaye, ruwan kwata ne yake juya shi, wannan kam ya yi aiki har aka riƙa kwaikwayonsa. Daga nan kansa ya kumbura, ba a isa a gaya masa ba.

A wajen gyaran injin ya ga Kaltumi. Ƴar manoman tattasai ce daga wani ƙauye a gefen Gagamari, Babarbariya doguwa mai ƙarancin magana, Hausarta ma a lokacin sai a hankali. Ban so auren ba, ba don ita ba, don na san wa za ta aura. Uwarta, Ya Fanna, ita ma ba ta so ba. Ta ce ba ta ga dalilin da za ta ba Afuno ɗiyarta ba, balle wanda ba shi da gona ba shi da kanti. Afuno shi ne sunan da suke kiranmu da shi, mu Hausawa. Amma aka yi, kuma ni da kaina na je ɗaukar amarya.

A ranar na fara sanin abin da turare yake nufi a wurin mutanen nan. Mu a gidanmu turaren wuta abin saye ne, a zuba a kasko a kori warin girki. Su kuwa a dangin Ya Fanna akwai wani haɗi da uwa take koya wa ɗiyarta in za ta tafi ɗakin miji, ita ma daga uwarta ta samo. Na ga ƙajiji, na ga icen sandal da farce da ƙaro, sauran kuwa korar mu aka yi daga ɗakin kafin a zuba su. Ba a sayar da shi, ba a turara shi don baƙi, na ɗakin mace ne da mijinta. Sau ɗaya ake fito da shi fili, ranar da ake turara amarya a gaban matan gari. Matan kwarin nan kuma hancinsu ba ya mantuwa. Mace za ta wuce ki a hanya, wata ta ce wannan jikar wance ce, ba tare da ta ga fuskarta ba. Ni hancina na Damagaram ne, daddawa ya sani da sabuwar atamfa, amma ko ni na san na Kaltumi daban yake.

Suka zauna lafiya, har suka haifi Firdausi. Sai a wajen alif ɗari tara da casa'in da shida Lurwanu ya je Maiduguri sayen kayan gyara, ya dawo da tele da bidiyo da ƙaramin gurup mai ba da wutar lantarki. Ya kafa rumfar zana a jikin katangar gidansa ta baya, ya jera benci, ya fara nuna fim bayan la'asar da bayan magariba. Na ce masa wannan sana'ar tara ƴan iska ce. Ya ce to. In Lurwanu ya ce miki to, ya riga ya gama shawara.

Gidajen kallo a garin ba nasa kaɗai ba ne, kuma kaset ɗin duk iri ɗaya ne, na Indiya da na ƴan dambe. Amma ba a jima ba nasa ya fara cika har ana tsayuwa, na sauran kuwa sai yara. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba samari kaɗai suke zuwa ba. Magidanta ne masu furfura, manoman da suka sayar da tattasai, direbobin hanyar Bosso, suna rufe fuska da rawani suna lallaɓawa ta lungun. Masu sauran gidajen kallon suka ce asiri ne, ya samo hayaƙin farin jini daga wani malami a Mainé. Ni ma na yi zaton haka, don na san ƴan kasuwa da yawa da suke turara rumfarsu da asuba kafin a fito. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce shi malaminsa fanka ce.

Daga baya na ga abin da idona, bari in kwatanta shi yanzu don a gane. A bayan rumfar ya rataya tabarma, a bayan tabarmar ya girke ƙafar keke a kwance, ya ɗaure gwangwanayen madara a kewayenta, kowane da garwashi ko abin da ya zuba. A gefe akwai fankar da ya cire daga wata matacciyar mota, tana hura iska cikin tiyon ban ruwa. Tiyon ya bi ta ƙarƙashin bencina, an huhhuda shi. Shi kuma yana zaune a can yana leƙen tele ta wata ƴar kafa, ya haddace fim ɗin tsaf. In aka nuno ruwan sama, sai ya juyo gwangwanin da ya sa yumɓun kogi mai zafi ya yayyafa masa ruwa, rumfar ta cika da ƙamshin ruwan farko. In aka nuno bakin teku, ya juyo na bandar kifin Bosso. In ana harbi, kan ashana. Ya taɓa gwada tattasai a wurin faɗa, ranar kam da atishawa aka watse, har wani ya rantse ba zai sake dawowa ba, kuma washegari shi ya fara zuwa.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da hikima. Wani tsohon direba ya gaya mini cewa a wurin Lurwanu ba kallon fim kake yi ba, shiga cikinsa kake yi, in aka yi ruwa har duba rigarka kake ko ta jiƙe. Ba wanda ya san yadda ake yi, don Lurwanu ya hana kowa leƙa bayan tabarmar, yana tsoron kada a sace masa dabara kamar yadda aka sace ta korar tsuntsu.

Abu guda ya gagare shi, wurin waƙar soyayya, inda saurayi da budurwa suke zagaya furanni. Ya gwada turaren kasuwa iri-iri, ya ce duk warin kanti suke yi. Ya gwada turaren ɗan goma, ya ce wannan na masallacin Juma'a ne. Sai wata rana Kaltumi ta tafi ƙauye taya iyayenta tsinkar tattasai, ya shiga ɗakinta ya buɗe tulun da yake ƙarƙashin gado ya ɗibi kaɗan. A ganinsa turare turare ne, kuma na gidansa ne. Bai tambaye ta ba, bai gaya mata ba, kuma da ya ga yadda rumfar ta yi tsit a ranar, har wani dattijo yana share ido, sai ya ci gaba da ɗiba.

Turaren nan kuwa in ya kama tufa ba ya saki da wuri. Magidanta suka fara komawa gida da shi a jikin riga da rawani. Namiji ba ya gane na wane ne, shi dai ya ji daɗi. Amma matarsa tana karɓar rigar za ta rataya, sai ta tsaya. Da yawansu ƴan kwarin ne, wasu sun halarci bikin Kaltumi, wasu sun san na uwarta tun suna yara. In mace ta tambayi mijinta daga ina yake, ba zai ce daga gidan kallo ba, don abin kunya ne a ce mai gemu ya zauna benci ɗaya da ɗan cikinsa yana kallon rawar Indiyawa. Sai ya ce daga bakin kogi yake, injin ne ya ba shi wahala, ko kuwa daga majalisa. Matar ta san injin fetur yake wari. Wata ta bi bayan mijinta daga nesa, ta ga ya shiga lungun gidan Kaltumi ya ɓace ta baya. Ta gaya wa wata, waccan ta ce ai nata mijin ma haka. Biri ya yi kama da mutum.

Ni ba a gaya mini ba, don ni dangin miji ce. Gani na fara yi. Mun je wani suna da Kaltumi, muka zauna a tabarma, sai na ga mata suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna komawa wata, kowace da dalilinta, wannan rana ta dame ta, waccan za ta duba ɗa. Da aka kawo abinci mu biyu muka ci kwano guda da ya isa mutum shida. Ta gaida wata da yarensu, aka amsa mata da Hausa, a taƙaice. A hanyar komawa ta tambaye ni ko na ji ta yi wa wani laifi. Na ce ban ji ba. Muka ƙarasa gida, Firdausi a bayanta.

Abin ya yi ta ƙaruwa. Maƙwabciyar da take aiko mata ɗiya aron turmi ta daina. A famfo in ta aje bokiti, layin sai ya koma bayan wani bokitin. Kaltumi ta rame, ta daina fita sai dole. Shi kuwa gogan yana can yana ƙirƙirar yadda zai kawo sanyin dusar ƙanƙara cikin rumfa da jiƙaƙƙen buhu, bai lura da komai ba.

Wadda ta fasa ƙwan ita ce Zara, matar Abatcha mai awon tattasai. Tsohuwar mai sayen kayana ce, bakinta ba ya riƙe magana. Ta zo ranar Talata, ta ɗaga atamfa ta aje, ta ɗaga wata ta aje, na san ba saye ya kawo ta ba. Can ta ce ita dai tana ganin girmana, shi ya sa za ta gaya mini in ja kunnen matar ƙanena, tun kafin matan unguwa su kai maganar gaban mai unguwa a tashe ta daga garin. Na ce a kan me. Ta buɗe jakarta ta fito da rawanin mijinta ta tura mini a hanci.

"Wannan na ɗakin wa ne, Uwani?" in ji ta. "Ina wurin aka turara ta da shi. Kuma ba mijina kaɗai ba ne."

Raina ya ɓaci. Na san Kaltumi, macen da ko mai tallan ruwa ba ta haɗa ido da shi. Amma ƙamshin nata ne, ba musu. Na ce wa Zara ta ba ni kwana biyu. Ina naɗe kayana ina tunani, kuma tunanina bai yi nisa ba, don tun ina yarinya in abu ya ɓace a gidanmu ko ya fashe, ɗaki guda nake nufa, na Lurwanu.

Washegari da hantsi na je gidansa, lokacin rumfar ba kowa, shi yana bakin kogi wurin gyara. Na ɗaga tabarmar da ya hana kowa ɗagawa. Na ga ƙafar keken da gwangwanayenta, na bi su ɗaya-ɗaya da hanci kamar shi. Yumɓu, kifi, ashana, wani mai warin fatar akuya, sai na zo kan wanda ya rufe da tsumma mai tsabta. Ina buɗewa na ji turaren Kaltumi ne.

Da ya dawo na tare shi a zaure da gwangwanin a hannu. Abin da ya fara damunsa shi ne wa ya ba ni izinin shiga. Na gaya masa abin da ake faɗa a gari game da matarsa, ban rage masa ko kalma ba. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce ai ɗan kaɗan yake ɗiba, kuma zai saya mata wani. Wallahi da ba don ya girma ba da na mare shi. Na ce masa ba a sayarwa, na ce ka ɗauki ɗakin matarka ka buɗe wa ƴan tasha, kana karɓar kuɗin shiga a ƙofa. A nan ne ya gane. Na ga fuskarsa ta canza, ya jingina da bango, ya ce shi bai yi nufin haka ba. Na ce na sani, ba ka taɓa yin nufin komai ba.

Ni na gaya wa Kaltumi, don shi ya kasa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta jawo tulun ta leƙa. Ta ce ta daɗe tana ganin yana raguwa, ta yi zaton ita ce hannunta ya yi nauyi. Ba ta yi kuka ba. Ta goyi ɗiyarta ta nemi motar ƙauyensu.

Kwana biyu bayan haka Ya Fanna ta iso, ita da Kaltumin. Tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, ba ta yarda da kowa ba, shi ya sa jininmu ya haɗu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ba ta yarda akwai injin da yake raba ƙamshi ba, wannan irin labarin da maza suke haɗawa ne in an kama su, kuma in ita uwar yarinya ba ta yarda ba, matan gari ba za su yarda ba. Ta ce abin da hanci ya ɓata, hanci ne zai gyara shi. A kira matan, a zaunar da su a bencin da mazansu suke zama, a yi musu abin da ake yi wa mazan.

Lurwanu ya so ya yi gardama, don in mata sun gani, gari ya gani, dabararsa ta tafi, kuma masu zuwa a ɓoye asirinsu ya tonu, ba za su sake dawowa ba. Ya dubi Kaltumi, wadda take tsaye a bakin ƙofa ba ta ko kalle shi ba, sai ya ce to. Wannan ne kaɗai to ɗinsa da na taɓa ganin ya cika.

Zara ta tattaro su. Suka zo da hantsi, sun fi ashirin, fuska a murtuke, kowace ta ja mayafi kamar za ta shiga gidan boka. Wasu suka ƙi zama sai da suka leƙa ƙarƙashin bencin. Ya Fanna ta sa aka cire tabarmar gaba ɗaya don a ga hannunsa. Aka tada gurup, fim ya fara. Da ruwan sama ya zo, ƙamshin ƙasa ya taso daga ƙarƙashinsu, wata ta ɗage ƙafa tana salati. Da aka zo bakin teku aka ji banda, wata ta ce kifin ma na bara ne, aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Sai waƙar ta zo. Lurwanu ya tsaya da hannu a kan ƙafar keken, ya kasa juyawa. Ya Fanna ta ce masa da Hausarta mai nauyi ya juya, ai ba yau ya fara ba.

Ya juya. Hayaƙin ya bi tiyo ya fito, ga saurayi da budurwa suna bin juna a cikin furanni. Zara ta shinshina gefen mayafinta, ta dubi tele, ta dubi ta kusa da ita, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe nan ne bakin kogin da Abatcha yake gyaran injin. Sauran suka ɗauka. Wata ta ce nata Alhajin cewa yake yi ya tafi jin karatu. Aka yi ta dariya, wasu da hawaye, don kowace ta sauke wani nauyi da ta daɗe da shi. Suka kewaye Kaltumi suna neman gafara, da yarensu wannan karon, wata tana riƙe hannunta wata tana gyara mata ɗankwali.

Ni ma na yi dariya, na ce an rabu da bukar. Amma da na dubi Kaltumi na ga ita ba matan take kallo ba, tele take kallo, inda budurwar take karairaya a jiƙe. Bayan an watse ta tsaya a gaban mijinta, ta yi masa tambaya guda.

"Kullum a wannan wurin kake sa shi?"

Ya ce e, a nan ya fi dacewa. Ƙanena ba ya iya ƙarya ko a inda ƙarya za ta cece shi.

Sunanta ya wanku a wurin mata, wannan gaskiya ne. Aka dawo aron turmi, aka dawo gayyatar biki, har suka riƙa yi mata fiye da da don kunya. Mazan kuwa sun sha tsiya a gidajensu, rumfar ta koma ta yara, daga baya ma ya rushe ta ya sayar da telen. Ya Fanna ta bar ɗiyarta a ɗakinta, ta koma ƙauye tana cewa ita dama ta faɗa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan ƴan makonni Kaltumi ta zo kasuwa wurina sayen kwano. Mayafin da ta yafa ya kwana a ɗakinta, yana ɗauke da ƙamshin kaɗan, yadda na kowace matar aure yake ɗauka. Muna tsaye sai ga wani ɗan dako da buhun tattasai a ka, saurayi ne da ban san sunansa ba. Ya wuce ta bayanta, ya ɗan dakata, fuskarsa ta saki, sai ya ci gaba da tafiya yana fito da baki, yana busa waƙar nan ta cikin furanni. Bai dube ta ba. Na tabbata bai san me ya tuno masa da waƙar ba. Amma ni na ji, ita ma ta ji. Ta aje kwanon a hankali, ta ce za ta dawo wani lokaci.

Da na je gidan da yamma na tarar ta fito da duk tufafinta da zannuwan gado ta jiƙa su a ruwan toka. Ta yi kwanaki tana wanki tana shanya. Tulun kuwa ta mayar wa uwarta da sauran abin da yake ciki. Tun daga ranar ɗakinta sabulu yake ƙamshi, ba wani abu ba.

Ba ta bar Lurwanu ba. Ta haifa masa maza biyu bayan Firdausi, tana yi masa girki, tana yi masa dariya in ya kawo sabuwar haukarsa. Ya ci gaba da ƙirƙira, ba zai iya bari ba. Da salula ta shigo ya haɗa akwatin caji da batirin mota yana kai wa ƙauyuka a kan babur, ya yi wa wani makaho sanda mai ƙararrawa da take canza sauti a kan yashi da kan laka. Yanzu duk abin da zai ɗauka a gidan, ko cokali ne, sai ya tambaya. Sau da yawa ya roƙe ta ta sake haɗa turaren, ya turo ni ma in roƙa masa. Nakan ce masa ya je ya tambayi fankarsa. Amma tausayi yake ba ni, don mutum ne da hanci ne rabin rayuwarsa, kuma ya san abin da ya rasa.

Ya Fanna ta rasu a shekara ta dubu biyu da uku, ya zama Kaltumi kaɗai ta san haɗin, don ita ce ɗiya mace tilo. Da aka sa ranar auren Firdausi bayan shekara biyar, matan dangi suka fara tambayar yaushe za a shiga ɗaki a yi haɗin amarya. Tsofaffin da suka san na Ya Fanna suna ta ɗoki. Kaltumi ta ce musu ta manta. Firdausi ta yi kuka, ta ce ƙawayenta kowace da na gidansu, ita ce za a kai da na kanti kamar marainiya. Uwar ta ce ta manta.

Ni ban yarda ba, ban taɓa yarda da magana don an faɗe ta sau biyu ba. Na same ta ita kaɗai tana jera kwanukan gara, na ce mata shekara goma sha biyu ke nan, rumfar ta rushe, rabin mutanen da suka zauna a bencin sun mutu ko sun bar gari, ta yafe wa wawan nan ta ba yarinya gadonta. Ta ci gaba da goge murfin kwano.

"Yaya, na yafe masa tuntuni," ta ce. "Amma rabin da ba su mutu ba suna nan, kuma da hancinsu. Ba zan ba ɗiyata abin da mazan tasha suka sani ta kai ɗakin mijinta ba."

Ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗi, ta ce in je wurin masu kawo turare daga Maiduguri in zaɓo wa Firdausi. Na je ranar Talata, na zaɓi mai kyau, irin wanda kowa yake saye.